Dogararmu Ga Allah Take, Ko Ga Abin Da Ke Cikin Rumbu?

Karatunmu na yau yana cikin Bisharar Luka sura 12, daga aya 13 zuwa 34. Wanda yake da Littafi Mai Tsarki a kusa, ya buɗe ya bi mu. Idan akwai tsoho ko tsohuwa a gidan da ba su jin Hausa sosai, muna roƙon wani cikin yaran ya juya musu maganar cikin yaren gida, gama wannan koyarwa ta kowa da kowa ce.

Dukanmu mun san karin maganar nan mai cewa dogara ga Allah jari ne. Faɗarta a baki ba wuya. Amma bari mu tambayi kanmu tsakani da Allah. Sa'ad da dare ya yi, muka kwanta, mene ne yake kwantar mana da hankali har barci ya ɗauke mu? Sanin cewa Ubanmu na sama yana lura da mu, ko kuwa sanin cewa akwai buhunan masara a ɗaki da awaki a turke? Abin da yake ba mutum barci, shi ne abin da ya dogara gare shi. A kan wannan za mu yi nazari yau.

Roƙon da Yesu bai biya ba

Luka ya faɗa mana a farkon surar cewa taron ranar ya yi yawa ƙwarai, dubban mutane har suna tattake juna. Yesu yana koya wa almajiransa manyan al'amura, yana ƙarfafa su kada su ji tsoron masu tsananta musu, kada kuma su yi musun sa a gaban mutane. Ana cikin haka sai wani mutum ya ɗaga murya daga cikin taron, ya roƙi Yesu ya sa baki domin ɗan'uwansa ya raba gādo da shi.

Roƙon ba baƙon abu ba ne a wancan zamani. Shari'ar Musa ta tsara yadda za a raba gādo, har ta ba ɗan fari rabo biyu (Maimaitawar Shari'a 21:17), mutane kuwa sukan kai irin wannan ƙara wurin malamai. Wataƙila ma mutumin yana da gaskiya, an danne masa hakkinsa. Amma ku duba abin tausayi. Mai ba da rai madawwami yana tsaye a gabansa yana magana, shi kuwa hankalinsa duka yana kan rabon kaya. Yesu bai yarda ya zama alƙalin rabon ba. Sai ya juya ga taron duka ya gargaɗe su a kan kowane irin kwaɗayi, ya nuna musu cewa ba a auna ran mutum da yawan abin da ya tara.

Wannan magana ta shigo har tsakar gidajenmu. Gidaje nawa muka sani inda uba ya rasu, ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, 'ya'yansa sun riga sun tsaya gaban dagaci ko kotu saboda fili? Gwauraye nawa aka kora daga gonar da suka yi shekaru suna nomawa tare da mazajensu? Akwai 'yan'uwa ciki ɗaya da suke sujada a majami'a ɗaya, suna cin Jibin Ubangiji rana ɗaya, amma ba sa gaisawa saboda kunya biyar a bakin iyakar gona. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Yesu ya ga tushen abin, shi ya sa bai tsaya a kan rabon ba, ya tafi kai tsaye ga zuciya.

Manomin da gonarsa ta yi albarka

Domin ya bayyana maganarsa, Yesu ya ba su misali. Wani mai arziki ne gonarsa ta ba da amfani mai yawa, har rumbunansa suka kasa ɗauka. Ya zauna ya yi shawara da zuciyarsa, ya yanke cewa zai rushe rumbunan ya gina manya, ya zuba hatsinsa da kayansa duka, sa'an nan ya miƙe ƙafa ya ci ya sha ya more shekaru masu yawa. A daren nan Allah ya kira shi wawa, ya sanar da shi cewa lokacinsa ya cika, ya tambaye shi wa zai gāji abin da ya tara.

Mu lura da kyau. Yesu bai ce mutumin ɓarawo ne ba. Bai ce ya ture iyakar maƙwabci ba, ko ya hana 'yan ƙwadago ladansu. Da a ce yana ƙauyenmu, da mun yabe shi, mun ce ga manomi na gaske, har ma mu ba shi kujera a gaba ranar godiyar kaka. To, ina wautarsa?

Na fari, ya manta da Mai bayarwa. Misalin ya ce ƙasa ce ta ba da amfanin. Manomi yana huɗa, yana shuka, yana noma, yana zuba taki, amma ba shi da iko ya sauko da ɗigon ruwa ɗaya daga sama, ba shi da iko ya sa ƙwaya ɗaya ta tsiro. Duk da haka, cikin dukan shawarar mutumin nan ba a ji sunan Allah ko sau ɗaya ba.

Na biyu, ya manta da maƙwabci. Ku karanta ayoyin a hankali ku ƙirga kalmominsa: amfanina, rumbunana, hatsina, kayana, raina. Ba mata, ba yara, ba maraya, ba baƙo. Ya ce ba shi da wurin ajiya, alhali kuwa gidajen masu yunwa suna kewaye da shi, kowannensu zai iya zama wurin ajiya.

Na uku, ya ɗauka cewa wanda yake da hatsin shekaru da yawa yana da ran shekaru da yawa. Nan ne babban kuskuren. Rumbu yana iya ajiye dawa, amma ba rumbun da yake ajiye numfashi. Mutumin ya yi lissafin kowane abu daidai, sai abu ɗaya da bai sa a lissafi ba, wato ranar da zai tsaya gaban Mahaliccinsa. Likkafani kuwa ba shi da aljihu.

Dukiya tana da fikafikai

Littafin Karin Magana 23:5 ya kwatanta dukiya da tsuntsun da yakan yi fikafikai ya tashi sama. Manzo Bulus kuma, sa'ad da yake rubuta wa Timoti, ya kira dukiya abu marar tabbas (1 Timoti 6:17). Mu a ƙasar nan ba ma bukatar dogon bayani a kan wannan, gama mun gani da idanunmu.

Dattawanmu suna tuna ciwon bushiya na shekarar 1983, yadda ya shiga garkunan shanu a arewacin Najeriya, mutum ya kwana mai garke ya wayi gari da sanda kaɗai a hannu. Waɗanda suke zaune a bakin kogin Binuwai suna tuna ambaliyar 2012 da ta 2022, yadda ruwa ya shanye gonakin shinkafa da masara, ya rushe gidaje da rumbuna. A daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa citta a Kudancin Kaduna, wajen Kachia da Jaba da Kagarko, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a cikin ƙasa. Manoma da yawa da suka sa begensu duka ga cittar shekarar, wasu har da bashi, suka tashi hannu banza.

Wanda ya ce shi kuɗi zai ajiye maimakon hatsi, shi ma bai tsira ba. A watan Disamba 2016 tsarin nan da ake kira MMM, wanda ya yi wa mutane alkawarin riba mai yawa cikin wata guda, ya rufe asusun mutane, kuɗin jama'a da dama ya salwanta, har da na masu bi. A farkon shekarar 2023, lokacin canjin takardun naira, mutum yana da kuɗi a banki amma ya yini a layi bai sami abin sayen mudun gari ba. Kuɗin da zai sayi buhu a 'yan shekarun baya, tsadar kaya ta mayar da shi kuɗin 'yan mudu kaɗan.

Akwai kuma abin da ya fi waɗannan zafi. A shekarar 2014 'yan'uwanmu na Madagali da Michika da Mubi suka gudu daga garuruwansu da tufafin jikinsu kaɗai. A wurare da dama na Filato da Kudancin Kaduna da Binuwai da Taraba an ƙone gidaje da rumbuna cikin dare ɗaya. Ba mu kawo wannan domin mu ce asarar da suka yi hukunci ne a kansu ba, ko kaɗan. Ayuba adali ne, duk da haka ya rasa kome cikin yini ɗaya. Abin da muke nunawa shi ne, duk abin da wuta za ta iya ci, ko ruwa ya kwashe, ko gara ta cinye, bai isa ya zama madogarar ran mutum ba. Wanda ya jingina da dangar kara, ranar da iska ta kayar da dangar, tare za su faɗi.

Makarantar manna

Allah ya san zuciyarmu tana saurin jingina da abin da ido yake gani. Saboda haka ya sa jama'arsa Isra'ila a makaranta ta shekara arba'in domin su koyi dogara gare shi. Labarin yana cikin Fitowa sura 16.

Wata guda ke nan da barinsu Masar, suna cikin jejin Sin, tsakanin Elim da Sinai, guzurinsu ya ƙare. Suka fara gunaguni, suna tuna tukwanen naman Masar, sun manta da bulalar da ke tare da tukwanen. Allah ya aiko musu da makware da yamma, da safe kuma ya ba su wani abinci fari, ƙanana ƙanana, a kan ƙasa, wanda suka kira manna. Amma ya haɗa kyautar da doka. Kowane mutum zai tara awo ɗaya da ake kira omer, wajen lita biyu, abin da zai ishe shi yini guda. Kada kowa ya bar saura ya kwana.

Wasu suka ƙi ji. Suka ɓoye kaɗan saboda gobe. Me ya sa? Domin a zuciyarsu suna cewa, yau Allah ya bayar, amma wa ya san gobe? Da gari ya waye sai suka tarar abin ya yi tsutsa yana wari. A rana ta shida kuwa, sa'ad da Allah da kansa ya umarce su su tara ninki biyu saboda Asabar, abin ya kwana lafiya bai lalace ba. Ashe ba ajiyar ce take riƙe abincin ba, maganar Allah ce take riƙe shi.

Ku yi tunanin uwa a cikin zangon nan. Kowane dare takan kwanta tukunyarta ba kome, yaranta suna barci kusa da ita, ba ta da abin da za ta nuna domin gobe sai alkawarin Allah. Kowace safiya kuma takan fita ta tarar alkawarin ya cika. Haka aka yi ta yi shekara arba'in, har suka haye Urdun suka ci amfanin ƙasar Kan'ana, sa'an nan manna ta daina sauka (Joshuwa 5:12). Addu'ar da Ubangiji ya koya mana ma, abincin yini ta koya mana mu roƙa.

Abin mamaki, Musa ya fi jin tsoron ranar ƙoshinsu fiye da ranar yunwarsu. A Maimaitawar Shari'a sura 8 ya gargaɗe su cewa sa'ad da suka gina gidaje masu kyau, shanunsu da tumakinsu suka yi yawa, kuɗinsu ya ƙaru, su yi hankali kada zuciyarsu ta kumbura su ce ƙarfin hannunsu ne ya samo musu wannan duka. Mu ma mun san haka yake. Sa'ad da rumbu ya yi ƙasa a watan Yuli da Agusta, addu'ar asuba takan cika da mutane. Sa'ad da kaka ta yi, aka sayar da amfani, sai benci ya fara zama fili.

Ashe kada mu yi tanadi?

Wani zai ce, to, idan haka ne bari mu rushe rumbunanmu mu zauna muna jiran manna. A'a, Littafi Mai Tsarki bai koyar da haka ba. Manna kanta ba ta faɗa cikin bakin kowa ba. Sai mutum ya tashi da sassafe ya tara, gama idan rana ta yi zafi takan narke. Karin Magana 6:6-8 ya aiki rago wurin tururuwa ya koyi tanadi. Bulus ya tsawata wa waɗanda suka ƙi aiki a Tasalonika suna cin na wasu (2 Tasalonikawa 3:10-12), ya kuma ce mai bi wajibi ne ya kula da iyalinsa (1 Timoti 5:8). Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Mu gwada manomin misalin Yesu da Yusufu ɗan Yakubu. Yusufu ya gina wuraren ajiya da suka fi na manomin nan nesa ba kusa ba. A Farawa sura 41, shekara bakwai yana tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasar Masar, har aka daina aunawa saboda yawa. Amma ba wanda ya kira Yusufu wawa. Mene ne bambancin? Yusufu ya tara bisa ga abin da Allah ya bayyana, manomin ya tara bisa ga shawarar kansa. Yusufu ya tara domin ya ceci rayuka, manomin ya tara domin ya more shi kaɗai. Sa'ad da yunwa ta zo Yusufu ya buɗe rumbunan, manomin kuwa shirinsa shi ne ya rufe nasa.

Saboda haka mu yi noma da ƙarfinmu. Mu sa maganin ƙwari a hatsi, mu shiga adashi, mu ajiye kuɗin makarantar yara, mu kai marar lafiya asibiti. Duk waɗannan hikima ce. Rumbu kayan aiki ne kamar fartanya. Ba wanda yake durƙusa wa fartanyarsa, haka kuma kada mu bar rumbu ya hau kujerar da Allah kaɗai ya cancanci zama a kai.

Maganar ta shafi matalauci ma

Wata uwa tana iya cewa, wannan wa'azin masu kuɗi ne, ni da ko akuya ba ni da ita, ina ruwana? Mama, ki saurara. Da Yesu ya gama misalin, sai ya juya ga almajiransa, mutanen da suka bar jiragensu da tarunansu, ya yi musu magana a kan damuwa. Ya san cewa dogara ga dukiya tana da fuska biyu. Mai shi yana fahariya da abin da yake da shi, marar shi yana cin zuciyarsa saboda abin da ba shi da shi. Dukansu biyu sun gaskata abu ɗaya, wato kaya ne suke riƙe rai.

Yesu ya ce su dubi hankaki. Ba su da gona, ba su da rumbu, amma Allah yana ciyar da su, mutum kuwa ya fi tsuntsu daraja nesa. Ya ce su dubi furannin jeji, waɗanda adonsu ya fi na Sarki Sulemanu, alhali kuwa ba su daɗe ba ake jefa su a wuta. Ya tambaye su ko damuwa ta taɓa ƙara wa wani tsawon rai. Mu ma mu amsa. Daren da muka kwana ido biyu muna lissafin bashi, ko ya rage kobo ɗaya daga bashin?

Dalilin da Yesu ya bayar shi ne zuciyar wannan koyarwa duka: muna da Uba, kuma Uban nan ya san bukatunmu. Yaro ƙarami ba ya leƙa rumbu kafin ya yi barci. Ya san babansa yana nan, wannan ya ishe shi. Ba alkawari aka yi mana cewa ba za mu taɓa shan wahala ba. Bulus ya san yunwa ya san ƙoshi, daga kurkuku kuma ya rubuta wa Filibiyawa cewa ya koyi zama da kwanciyar rai a kowane hali (Filibiyawa 4:11-13). Annabi Habakuk ya ƙudura zai yi farin ciki da Ubangiji ko da itatuwa sun ƙi 'ya'ya, gonaki sun ƙi amfani, garke ya zama kango (Habakuk 3:17-19). Irin wannan bangaskiya ce take tsayawa a shekarar da citta ta ruɓe.

Yadda za mu gane inda zuciyarmu ta jingina

Baki yana iya cewa Allah ne madogarata, amma ayyuka su ne shaida. Ga wurare huɗu da za mu auna kanmu.

Na ɗaya, abin da muke yi domin mu sami dukiya. Wanda ya buga gindin mudu domin ya rage awo, ko ya zuba tsakuwa a ƙasan buhu, ko ya jiƙa hatsi domin ya yi nauyi, ko ya taɓa kuɗin ikilisiya ko na ofis, ya riga ya nuna cewa bai gaskata Allah zai ciyar da shi ta hanyar gaskiya ba. Ku tuna da Gehazi baran Elisha, wanda ya bi Na'aman da ƙarya saboda azurfa da riguna, ya ƙare da kuturta (2 Sarakuna 5).

Na biyu, abin da muke yi domin mu tsare dukiya. Akwai waɗanda suke raira waƙa a majami'a ranar Lahadi, amma akwai laya a rataye a rumbu, akwai magani binne a kusurwar gona ko a ƙofar shago. Suna cewa rigakafi ne kawai. 'Yan'uwa, wannan raba zuciya ne. Yesu ya nuna sarai cewa bawa ɗaya ba ya iya bauta wa iyayengiji biyu (Luka 16:13).

Na uku, abin da muke nema wurin Allah. Akwai wa'azin da ya bazu a zamaninmu mai cewa ka ba da naira dubu, Allah zai mayar maka da dubu ɗari. Wanda ya ba da baiko da wannan nufi, ciniki yake yi. Har yanzu kuɗi ne abin begensa, ya mai da Allah hanyar kaiwa ga kuɗin. Bulus ya gargaɗi Timoti a kan mutanen da suke ɗaukar ibada hanyar samun riba (1 Timoti 6:5). Muna bayarwa domin an riga an ba mu.

Na huɗu, ko hannunmu yana buɗewa. Wannan shi ne gwaji mafi sauƙin gani. Gwauruwar Zarefat ta ba annabi Iliya daga ɗan garin da ya rage mata a lokacin fari, garin kuwa bai ƙare ba har ruwa ya sauko (1 Sarakuna 17). Ikilisiyoyin Makidoniya suna cikin talauci ƙwarai, duk da haka suka roƙa a bar su su taimaki masu bi na Urushalima. Sa'ad da Bulus yake ba Korintiyawa labarinsu, sai ya tuna musu da manna, yadda mai tara da yawa bai yi rara ba, mai tara kaɗan kuma bai rasa ba (2 Korintiyawa 8). Mun ga irin wannan a ƙasarmu. Sa'ad da masu gudun hijira suka iso Yola da Jos da sauran garuruwa a 2014, gidaje da majami'u suka buɗe ƙofa, aka ƙara ruwa a miya, aka shimfiɗa tabarmi har a tsakar gida. Da yawa cikin masu masaukin ba masu kuɗi ba ne. Sun iya bayarwa domin sun san Wanda yake riƙe da gobensu.

Dukiyar da ba ta ruɓa

Yesu ya rufe koyarwarsa da ta'aziyya. Ya kira almajiransa ƙaramin garke, ya hana su jin tsoro, domin Uba ya ji daɗin ba su mulkinsa. Ya gayyace su su ajiye dukiyarsu a sama, inda ɓarawo ba ya isa, asu kuma ba ya ci, gama zuciyar mutum takan bi dukiyarsa duk inda ya ajiye ta.

Ta yaya za mu tabbata cewa Uban nan abin dogara ne? Mu dubi gicciye. Yesu mai mallakar kome ne, amma ya zama matalauci sabili da mu. An haife shi a wurin dabbobi, an binne shi a kabarin wani. Ya ɗauki zunubanmu, har da kwaɗayinmu da rashin bangaskiyarmu, ya mutu dominsu, ya tashi a rana ta uku. Bulus ya yi tambaya a Romawa 8:32 wadda ta ƙare gardama: Allahn da bai hana mu Ɗansa ba, me kuma zai hana mu cikin abin da muke bukata da gaske?

Zakka mai karɓar haraji a Yariko ya ɗanɗana wannan. Ranar da Yesu ya shiga gidansa, ba wanda ya tilasta masa, shi da kansa ya tsaya ya ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma ɗau alkawarin mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu (Luka 19:1-10). Hannunsa ya buɗe domin zuciyarsa ta sami abin da ya fi kuɗi. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, idan ba ka taɓa ba da ranka ga Yesu ba, daga nan dogara ta gaskiya take farawa. Manomin misalin bai san daren nan ne darensa na ƙarshe ba. Kada ka bari sai gobe.

Tambayoyi domin tattaunawa a gida

Bayan cin abincin dare, maigida ko uwargida su tara iyali su tattauna waɗannan:

1. Waɗanne abubuwa uku ne manomin misalin Yesu ya manta da su?
2. Mene ne bambanci tsakanin ajiyar Yusufu da ajiyar manomin nan?
3. Akwai wani ɗan'uwa da muka raba hanya da shi saboda fili ko gādo? Wane mataki za mu ɗauka a wannan mako domin mu shirya?
4. Akwai wani abu a gidanmu ko a gonarmu da muka ajiye domin tsaro wanda bai gamshi Ubangiji ba?
5. Wace gwauruwa, ko wane maraya ko baƙo ne kusa da mu da za mu ɗebar masa daga rumbunmu a wannan wata?

Bari mu yi addu'a

Ya Ubanmu na sama, muna gode maka domin ruwan sama da ƙasa mai ba da amfani, da ƙarfin da ka ba mu na yin aiki. Dukan abin da yake hannunmu daga wurinka ya fito. Ka tsare zukatanmu daga kwaɗayi a ranar ƙoshi, ka tsare su daga tsoro a ranar rashi. Ka ta'azantar da waɗanda suka yi asarar gonaki da gidaje da ƙaunatattunsu, ka biya musu bukatunsu. Ka shirya 'yan'uwan da gādo ya raba. Ka buɗe hannuwanmu ga mabukata, ka koya mana mu dogara gare ka kowace safiya. Cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu muka roƙa. Amin.

Masu sauraro, a nan za mu dakata. Sai mun sake saduwa a shiri na gaba, idan Ubangiji ya bar mu da rai. Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da ku duka.